Murar Makon Farauta

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Elvy.

To ga ta, amma ba ta dariya ba ce. Rabinta da idona na gani, sauran rabin daga bakin wadda abin ya faɗa wa na ji.

A ƙarshen watan Agusta Majken ta haihu, cikin bai cika wata bakwai ba. Majken matar Pontus ce, Pontus kuwa ɗan Gunvor ne, maƙwabciyata ta shekara arba'in. Tiyata aka yi mata a babban asibitin bakin teku, tafiyar awa uku a mota daga ƙauyenmu da ke cikin dazukan arewacin Sweden. Mace aka samu, kilo ɗaya da 'yan giram, aka sa mata Signe. Na ga hotonta a wayar Gunvor. Tafin hannun uban ya rufe bayanta gaba ɗaya, har da saura.

Ɗaki aka ba su nasu, gado biyu da kwalbar jariri a tsakiya. Nas ɗin da ke kula da su, Agneta, mace ce mai furfura da ta shekara talatin tana renon bakwaini. Tun rana ta uku ta zaunar da su ta yi musu bayani. Ta ce kwalba tana ba da ɗumi, amma ba ta da bugun zuciya. Bakwaini idan aka kwantar da shi tsirara a ƙirjin uwa ko uba, fata da fata, aka ɗaure shi da zanen goyo aka rufa bargo, numfashinsa yana daidaita, nauyinsa yana hawa, cututtukan asibiti kuma ba sa saurin kama shi. Ta ce aikin mutum biyu ne, shi ya sa hukuma take ba iyaye duka biyu hutun aiki har ranar sallama. Ɗaya yana goyo, ɗaya yana barci.

Sai dokar ƙofa. A cire zobe da agogo, a naɗe hannun riga, a wanke har gwiwar hannu, a shafa ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Duk wanda ya shigo daga waje kuma nas za ta tambaye shi: da mura, ko tari, ko zazzaɓi? Ba a auna kowa, ba a leƙa maƙogwaron kowa. Ka ce babu, an yarda, ka wuce. Haka muke a ƙasar nan, abin da mutum ya faɗa shi ake ɗauka. Agneta ta ƙara jaddada musu cewa murar da babba zai fyace ya tafi aikinsa, ita ce take kwantar da bakwaini a kan injin numfashi.

In faɗi gaskiya, makon farko Pontus ya yi abin kirki. Ya ajiye tabar da yake cusawa a ƙarƙashin leɓe. Ya kwanta awa shida ba motsi da yarinyar a ƙirjinsa, ƙaton mutum mai tuƙa motar katako, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tada tsuntsu. Majken ta ce ta kalle shi ranar nan ta ji ta yi sa'ar miji.

Sai Litinin ɗin farko ta Satumba ta matso. A wurinmu ita ce ranar buɗe farautar älg, ƙatuwar dabbar dajin nan mai ƙaho kamar reshen bishiya, wadda namanta ke cika firjin kowane gida har shekara ta zagayo. Makon nan ba a sa biki, ba a zuwa wurin likitan haƙori, har faston cocinmu saɓa bindiga yake yi. Ƙungiyar maharban ƙauyenmu mutum goma sha huɗu ce, karen farauta kuwa ɗaya ne mai kirki, Rapp, kuma na Pontus ne. Ubansa ne yake sakin kare kafin ya rasu, shi ya gada.

Gunvor ta fara kiransa kullum. Rapp ya ƙi cin abinci, Rapp yana kuka a bakin ƙofa, marigayi ubansa shekara talatin da takwas bai taɓa fashin buɗe farauta ba. Maharban kuma suka yi ta turo masa saƙo suna ce masa uwar goyo, suna tambaya ko nonon ya zo.

Ranar Lahadi ya zauna a bakin gadon Majken ya ce, “Kwana biyu ne kawai. In saki kare Litinin da Talata, Laraba da rana ina nan.”

Ta ce masa har yanzu ɗinkin cikinta ba ya barinta ta miƙe sosai. Ya ce ai ba a daji ya bar su ba, ga nas-nas, ga likitoci, ga maɓallin da za ta danna a zo. Ya sumbaci goshinta ya ɗauki jakarsa. Majken 'yar kudu ce, mahaifiyarta ta rasu, 'yar'uwarta ɗaya tana can wata ƙasa. Ba ta da wanda za ta kira ya karɓe ta.

Laraba bai zo ba, wai sun harbi ɗaya ya gudu da rauni, dole a bi sawu. Alhamis wai hanya ta ɓaci da ruwa. Juma'a wai idan ya tafi yanzu mutum goma sha uku za su zauna a daji ba kare, ita ma ta duba ta gani.

Ita kuwa Majken ta ɗauki aikin mutum biyu. Duk awa uku ta tatsi nono da na'ura, a ɗura wa Signe ta siririn bututun hanci, sannan ta buɗe riga a ɗora mata ita. Awa goma sha huɗu, wata rana goma sha shida, a kishingiɗe, bayanta ya sage, ƙafafunta sun kumbura. Idan ta mayar da ita kwalba don ta shiga banɗaki, kafin ta fito na'urar da ke lura da numfashi ta fara ƙara. Sai ta daina shan ruwa da yawa don kada ta riƙa tashi. Abincinta yakan huce a kan tebur a ɗauke shi yadda aka kawo. Agneta tana taimakawa iya yinta, amma jarirai huɗu ne a hannunta. Da ta tambaye ta ina maigidan, Majken ta ce rufin gidansu ne yake yoyo, ya je gyara. Agneta ta dubi kalandar bango. Ita ma 'yar arewa ce kamar mu, ta san rufin da ke yoyo a makon farko na Satumba.

Sau ɗaya Majken ta yi wa Gunvor kuka a waya. Gunvor ta ce ita fa wannan sabon yayi bai shige ta ba. A zamaninsu bakwaini kwalba ake sa shi, uwa ta leƙa ta gilashi ta koma gida, kuma ga ɗan ƙanwarta nan da aka haifa haka, yanzu sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Ta ce naman da Pontus yake nema ai su za su ci da sanyi, mai jego ma ta fi kowa buƙatarsa.

Yanzu ga inda na shigo.

Ranar Asabar mu mata muka taru a rumfar fiɗa, kamar kowace shekara. Maza suna yanka, mu muna niƙawa, muna naɗewa a takarda, muna rubuta sunan gida. Aka dafa gahawa, aka yi ta ba'a. Maharban sun kwana shida a bukka ɗaya a daji, kai da ƙafa, kuma rabinsu sun fito da tari. Pontus idonsa jajir, hancinsa yana zuba, ya yi atishawa har sai da aka ce ya matsa daga kan nama. Na taɓa hannunsa wurin miƙa masa gahawa na ji shi zau.

A bayan rumfa na same su shi da uwarsa, na je zubar da ruwan wanke wuƙaƙe. Ta ciro ƙwayar zazzaɓi da maganin fesawa a hanci daga jakarta tana ba shi. Na ji ta tana cewa ya sha biyu da safe, biyu kuma idan sun kai rabin hanya. Ta ce gobe dole su je asibiti, mutane sun fara magana a kanti, kuma ita ma ba ta ga jikarta ba sai a hoto.

Na ce, “Gunvor, ba an ce mai mura kada ya shiga ba?”

Ta ce, “Elvy, sanyin fadama ne ya buge shi, zuwa gobe ya washe. Ke dai kin cika tsoro.”

Pontus ya yi dariya ya ce ko ni ma na zama likita ne bayan na bar aikin gidan waya. Sai na yi shiru. Ina so ku riƙe wannan, na yi shiru. Mu mutanen nan ba abin da muke gudu kamar hayaniya. Gara mu haɗiye magana ta tsaya mana a wuya da a ce mun ɓata wa maƙwabci rai a ranar raba nama. Na zubar da ruwana na koma ciki na ci gaba da naɗi.

Lahadi suka isa asibiti da akwatin nama mai sanyi da burodin kirfa da Gunvor ta gasa. Agneta ce a bakin ƙofa. Ta sa suka cire agogo, suka wanke hannu, sannan ta yi tambayarta. Gunvor ta ce ita ƙalau take, kuma gaskiya ta faɗa. Pontus ya dubi Agneta ido cikin ido ya ce, “Babu komai.” Maganin ya busar da hancin, ƙwayar ta sauke zafin. Aka buɗe musu.

Majken ta ce da ta gan shi ko fushin ba ta iya yi ba. Ta kwance zanen goyo ta ɗora masa Signe, ta faɗa ɗaya gadon da rana tsaka ta yi barcin awa huɗu, barcin kirki na farko a mako guda. Shi kuma ya riƙe yarinyar awa biyar, kanta a ƙarƙashin haɓarsa, numfashinsa yana sauka mata a fuska. Gunvor ta yi ta ɗaukar hoto tana turawa ƙauye. Ni ma ya zo mini. Litinin da safe suka juya, wai an bar Rapp wurin mutanen da ba su san halinsa ba.

Laraba da hantsi Signe ta fara ɗauke numfashi. Ta yi tsit, jikinta ya koma ruwan toka, sai an shafa bayanta ta farfaɗo. Kafin yamma an ɗauke ta daga ƙirjin uwarta an kai ta ɗakin keɓe masu cuta, an zura mata bututu a maƙogwaro, inji yana yi mata numfashi. Gwaji ya nuna ƙwayar mura ce, irin wadda kowa yake yi. Likita ya tambaya a hankali ko akwai wanda bai ji daɗi ba cikin masu taɓa ta.

Majken tun Talata take jin ƙaiƙayi a maƙogwaro. Ba ta san daga mijinta ta ɗauka ba. Abin da ta tuna shi ne ranar Juma'a yunwa ta kore ta ta sauka kantin asibiti sayen burodi, kuma a cikin na'urar hawa bene wani mutum ya yi tari a bayanta. Sai ta ce wa likita, “Ni ce.”

Ta kira Pontus tana kuka har maganar ba ta fita. Ta gaya masa batun burodin, ta ce da ta haƙura da yunwar. Ya ce kada ta zargi kanta, kowa yana kuskure. Ya ce shi ma yau ya tashi da mura, ga alama a wurinta ya ɗauka ranar Lahadi, don haka bai kamata ya zo ba sai ya warke. Har haƙuri ta ba shi. Washegari ya saki kare.

Kwana biyu bayan haka wani bakwainin a ɗakin kusa ya kamu, don iyayen duka ɗakin girki ɗaya suke shiga. Aka rufe sashen, ba baƙo ba ɗan'uwa, iyaye kawai, su ma da takunkumi a fuska. Babu wanda ya ce wa Majken uffan. Amma idan ta shiga ɗakin girki uwar yaron can takan ɗauki kofinta ta fita, kuma a wurinmu wannan ya fi zagi.

Daga nan Majken ta shiga wanke hannu. Kafin ta taɓa ƙofa, bayan ta taɓa ƙofa, kafin ta tatsi nono, tsakiyar tatsa. Ta wanke ta shafa ruwan nan mai zafi har fatar ta tsattsage, jini yana fitowa a gaɓoɓin yatsu. Ta daina sauka ƙasa, ta daina shiga ɗakin girki, don haka ta kusa daina ci. Nonon ya ja baya, abin da take cika kwalba da shi ya koma ɗan gindin kwalba. Gunvor takan kira ta ce ta kwantar da hankalinta, su ba su riƙe ta da komai ba.

A rana ta bakwai aka cire wa Signe bututun maƙogwaro aka mayar mata da robar iska a hanci. Ta rame, nauyinta ya koma ƙasa da na ranar haihuwa, ko kuka ba ta iyawa. Murar Majken ta warke tuni. Likita ya ce yanzu babu maganin da ya kai ƙirjin uwarta, a mayar da ita. Majken ta tsaya a bakin kwalba hannunta a bayanta ta ce a'a. Ta ce kwalba ba ta taɓa cutar da Signe ba, ita ce ta cutar da ita. Agneta ta lallashe ta, likita ya zauna da ita, aka kira mai ba da shawara. Duk ta ƙi. Yarinya tana kwance ita kaɗai cikin gilashi, ma'auni kullum yana nuna abu ɗaya, uwa tana kallonta daga taku biyu.

Ni ban san wannan duka ba sai ranar Alhamis a kantin ƙauye. Ina zaɓen dankali na ji Gunvor a wurin biyan kuɗi tana ba mata uku labari. Wai Majken ce ta shafa wa 'yar mura, amma kada a ga laifinta, 'yar kudu ce, ba ta da juriya, yanzu ma ta tsorata ta ƙi ɗaukar 'yar. Wai Pontus bawan Allah shi ma ya kwasa a wurinta. Ta ce ranar Asabar za a sake buɗe sashen ga baƙi, za su je su ƙarfafa mata gwiwa. Da ta hango ni ta ce akwai wuri a mota idan ina so.

Na ce na gode. Na ajiye dankalin na fita.

Asabar na hau motar haya ta farko, wadda take tsayawa a kowane ƙauye. Na isa ƙarfe goma, na san su Gunvor sai sha biyu. Na ba da sunana a ƙasa, Majken ta sauko. Da ƙyar na gane ta. Muka zauna a benci a farfajiya, ta bar tazarar mutum biyu tsakaninmu, hannayenta a kan cinya kamar an gasa su.

Ban iya kwana-kwana ba. Na gaya mata batun bukkar daji, da atishawar kan nama, da zafin hannunsa, da ƙwaya biyu da safe biyu a rabin hanya. Na gaya mata abin da na ce da abin da aka amsa mini, da yadda na koma na ci gaba da naɗe nama.

Ba ta yi kuka ba. Na ga leɓɓanta suna motsi tana ƙirga kwanaki, Asabar, Lahadi, Talata, Laraba. Can ta ce, “Tun Asabar?”

Na ce, “Tun Asabar, 'yata. Kuma na sani, ban kira ki ba.”

Ta daɗe tana kallon hannayenta. Sannan ta ce in tashi mu hau sama.

Sha biyu da 'yan mintoci suka fito daga na'urar hawa bene, Gunvor da kwalin burodi, Pontus da wata 'yar tsana. Muna tsaye a bakin ƙofar sashen, ni da Majken da Agneta. Gunvor ta gan ni fuskarta ta canja. Agneta ta buɗe baki za ta yi tambayarta, Majken ta ce yau ita za ta yi.

“Pontus, ranar Lahadin can da ka zo, kana da mura?”

Ya dubi uwarsa, ya dube ni, ya dubi tsanar da ke hannunsa. Ya ce ba mura ba ce sosai, ɗan sanyi ne. Ya ce ita ce ta yi ta kira tana kuka cewa ba ta iyawa ita kaɗai. Ya ce Mama ta ce zai washe. Ya ce babu wanda zai iya rantsewa cewa daga shi ne, asibiti cike yake da masu tari. Kowace magana idan ya faɗa sai ya ɗan dakata ya ga ko ta karɓu. Daga ƙarshe ya ce, “Da na faɗa, ai da ba su bar ni na shiga ba.”

Majken ta ce, “Don haka ake tambaya.”

Muryarta ba ta tashi ba. Ta ce tafiya farauta za ta iya yafewa, ƙaryar bakin ƙofa ma wataƙila wata rana. “Amma na kira ka ina kuka, na ce ni ce na kusa kashe ta. Ka ce mini kowa yana kuskure. Kwana goma kana jin muryata, ka san abin da ka sani. Har haƙuri na ba ka.”

Ta ɗaga masa hannayenta ya gani. Ya sunkuyar da kai.

Gunvor ta juyo kaina. Ta ce shekara arba'in muna katanga ɗaya, ita ta zauna da ni ranar da aka binne mijina, yau ni ce na hau mota takanas don in raba gidan ɗanta. Ta ce abin da ya wuce ya wuce, yarinya tana raye, meye amfanin tonawa. Na ce mata gaskiya ne ta zauna da ni, kuma ba zan manta ba. Na ce amma ta shiga ta dubi ma'aunin yarinyar ta ga ko abin ya wuce.

Agneta ba ta sa baki ba sai a nan. Ta ce wa Pontus shi uba ne, ba ta da ikon hana shi ganin 'yarsa idan yana lafiya. Amma akwai wata uwa a ɗakin kusa da ta yi kwana takwas tana kauce wa Majken, kuma ya kamata ta ji daga bakinsa. Ya ce zai yi tunani. Bai shiga ba. Suka ajiye burodin da tsanar a kan kujera suka sauka.

Majken ta je wurin famfo. Ta wanke hannu sau ɗaya, har gwiwar hannu, ta shafa ruwan, ta cije leɓe don zafi, ta tsaya. Na ga hannun yana so ya koma ƙarƙashin famfo, ta janye shi. Ta shiga ta kishingiɗa ta buɗe riga. Agneta ta tattaro wayoyi da robar iska ta ɗaga Signe kamar mai ɗaukar ƙwai ta kwantar mata. Yarinyar ta ɗan yi mutsu-mutsu, ta manna kunci a fatar uwarta, ta miƙe yatsun nan nata masu kama da tsinken ashana. Lambobin da ke hawa da sauka a kan na'ura suka zauna wuri ɗaya. Sai a lokacin Majken ta yi kuka, a hankali don kada ƙirjin ya girgiza.

Da yamma ta ce wa Agneta aikin ai na mutum biyu ne, kuma an ce iyaye suna iya ba da sunan wani. Ta ce a rubuta nawa. Na ce mata ni da na yi shiru ban cancanta ba. Ta ce ba lada take ba ni ba, barci take ji. Haka nan ina da shekara saba'in da ɗaya na cire zoben aurena a karon farko tun da aka sa mini shi, na buɗe riga a gaban baƙi, aka ɗora mini mutum mai nauyin ƙullin sukari. Mako shida na yi a can, awa biyar kullum. Kowace safiya Agneta takan tambaye ni, da mura, ko tari, ko zazzaɓi, ni kuma ban taɓa amsawa da sauri ba.

Ƙofar nan ba ta da makulli sai gaskiyar mai shiga. An gina ta a kan cewa uba ba zai yi ƙarya a kan numfashin 'yarsa ba, kaka ba za ta taya shi ba, maƙwabciya kuma idan ta gani za ta ɗauki waya. Mu uku muka taru muka buɗe wa mura ita, sannan muka bar wadda ta fi kowa wahala ta ɗauki laifin.

An sallami Signe a tsakiyar Nuwamba da kilo biyu da rabi. Yanzu shekararta huɗu, bakinta ba ya hutawa, amma ƙirjinta bai manta ba, duk sanyi sai ta kwanta asibiti sau ɗaya ko biyu, kuma maganin shaƙa yana cikin jakar makarantarta. Yaron ɗakin kusa shi ma ya rayu. Pontus bai taɓa zuwa wurin uwar yaron ba, ni ce na je na faɗa mata. Majken ba ta koma ƙauye ba. Ta kama gida a garin bakin teku, tana girki a wata makaranta, hannayenta sun warke sai ɗan tabo. Pontus yana zuwa ɗaukar Signe kowane mako biyu, kuma kafin ya tsallake ƙofa Majken tana sa masa ma'aunin zafin jiki a kunne, ba ta tambayarsa komai. Har yanzu shi yake sakin kare ranar Litinin ɗin farko ta Satumba. Gunvor ta ajiye mini farantin gasa burodina da ke wurinta a kan matakala washegarin da na dawo, tun daga nan ba ta sake gaishe ni ba, ni kuwa ina gaishe ta. Agneta ta yi ritaya. Rabon naman da ake kawo mini duk shekara an daina kawowa. Ni kuma ina hawa motar farko sau ɗaya a wata, in je in ga Signe, sai dai idan ina da mura.